Ƙafar Inna a Tekun Shu'aiba

Tun da muka dawo daga Umra ban huta da tambaya ba. Mace za ta shigo yi mana barka da sauka, a ba ta dabino da zamzam, kafin ta haɗiye idonta ya sauka kan ƙafar Inna, sai ta juyo gare ni: "Dije, wai da gaske kifi ne ya harbi Inna? A Makka?" Bakina ya gaji da maimaitawa, kuma labarin ya fara yin rassa, don jiya wata ta ce mini ta ji kada ne. To ga yadda aka yi tun daga farko. Wadda ta karanta ta gaya wa maƙwabciyarta, ni a ƙyale ni in huta.

Yayyena maza ne suka shirya wa mahaifiyarmu tafiyar, suka ce ni zan raka ta tunda ni ce mai haƙuri. Ban san wanda ya gaya musu haka ba. Inna ta daɗe tana fama da gwiwoyi, ga ciwon suga, amma buri ɗaya ta ƙulla a ranta tun muna yara: ta zagaya Ka'aba da ƙafarta. Ba a ɗauke ta ba, ba a tura ta ba. Duk Haɗeja babu wanda bai ji wannan magana daga bakinta ba.

Rigima tun daga filin jirgin Kano ta fara. Wani ma'aikaci ya ga yadda take ɗingishi, ya turo keken guragu cikin ladabi. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, wa ya ce maka ni gurguwa ce?" Haka muka taka a hankali har bakin jirgi, mutane na wuce mu ta hagu da dama, ni ina riƙe da jakar hannunta. Ban san abin da ke cikin jakar ba sai da muka tashi sama, wari ya fara zagaya kujeru. Daddawa ce ta ƙulla wa ƙaninta Kawu Sale, ta ƙi sa ta cikin babban kaya wai kada a sace. Mutumin da ke kusa da ni ya yi ta toshe hanci da gefen haraminsa, ni kuwa na kafa ido a taga kamar ban san ta ba.

A Jidda sai yatsunta suka ƙi hawa na'ura. Na hana ta ƙunshi kafin mu taso, ta ce ba za ta je ɗakin Allah da hannu fari fat ba. Jami'in ya goge mata yatsa, ya danna, ya sake gogewa, ya sake dannawa, layi ya tsaya a bayanmu. Inna tana ta yi masa bayani da Hausa cewa injinsa ne ba shi da kyau. Shi ya ce "Sabr, ya Hajja," ita ta ce "Ai ni ce ke haƙuri da kai." Da ƙyar babban yatsan hagu ya ceci tafiyar.

Kawu Sale ne ya tarye mu. Tun yana saurayi ya bar gida ta hanyar Sudan, ya zauna a Makka yana sayar da turare da carbi. Da suka haɗa ido da Inna sai ya durƙusa yana kuka yana cewa "Yaya, Yaya," ita ma ta share hawaye, sannan ta ce masa ya yi tumbi. Gidansa a unguwar Misfala yake, cikin wani lungu da mota ba ta shiga, kuma a bene. Matakalar nan ta ci mana rai. Kullum sai na tura Inna ta baya Kawu na ja ta gaba, tana faɗin a sake ta za ta iya.

Mutanen gidan sun karɓe mu hannu biyu. Matar Kawu, Anti Zainabu, ba ta yarda kwano ya zauna babu komai a gabanka. Da safe wake ne dakakke da man zaitun da wani faffaɗan burodi mai zafi, da rana shinkafa da kaza a babban faranti kowa ya sa hannu. Shayi kuwa ba a ƙirga shi. Inna ta ci ta ce da daɗi, amma ba abinci ba ne, sai da aka kaɗa miyar kuka da daddawar nan sannan ta yarda an yi girki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganarsu. Za a fara zance da Hausa tsaf, kana bi, kafin ka ankara an tsallaka Larabci an bar ka a tasha. 'Yarsu Samira, wadda a can aka haife ta, Hausarta sai an tallafa mata. Tana aiki a kantin magani, ranakun hutu kuma tana cikin wata ƙungiyar 'yan sa-kai masu tsaron masu wanka a bakin teku. Inna ta ji haka ta ce, "Aikin ke nan? A zauna ana kallon mutane suna wanka?"

Ranar da muka je yin Umra, daga gida zuwa Harami kawai ya gama da gwiwoyin Inna. Kafin mu shiga sun kumbura, ta kasa ɗaga ƙafa. Ga mu da niyya a wuya, babu yadda za a yi, sai keke. A hawa na sama na tura ta, dawafi da Safa da Marwa duka. Muka dawo gida. Da na kawo mata ruwa ta kawar da kai ta ce, "Wannan Umrar taki ce, ke kika taka." Na ji zafin maganar ƙwarai, don bayana kamar zai tsage. Daga ranar ta ɗaura aniyar sai ta yi dawafi ko guda ɗaya da ƙafarta kafin mu koma.

Ana nan sai Allah ya haɗa ta da wata tsohuwa 'yar Chadi da ke ƙasan benen, mai sayar da gyaɗa. Ban san me na yi wa matar nan ba. Ita ce ta gaya wa Inna cewa ita ma da rarrafe take, sai da aka kai ta bahar, wato teku, ta tsoma ƙafa cikin ruwan gishiri, ta fito garau. Ni dai da sanda na gan ta. Na faɗa wa Inna haka, ta ce ai da can sanda biyu take riƙewa. Shi ke nan, magana ta zauna. Safe teku, rana teku, har Kawu ya ce, "Yaya, halas, ya isa, ranar Asabar za mu je bakin tekun Shu'aiba, dama Samira tana da aiki a can."

Mu a gida in an ce za a je bakin ruwa, wanki ne ko ɗiban ruwa ko kamun kifi. Su kuwa ƙaura suke yi. An loda darduma, matasan kai, ƙaramin murhun gas, butar shayi, fulas-fulas, kular shinkafa, har da labulen da za a kewaye mata. Muka matsu cikin motar wani abokin Kawu, kular shinkafa a cinyata. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, babu rami ko ɗaya, babu kuma abin kallo sai duwatsu da yashi da raƙuma jefi-jefi. Direban yana gudu yana waya yana shan shayi, ni ina salati.

Da Inna ta ga ruwan sai ta tambaya ina ɗaya gaɓar. Aka ce ba a hango ta. Ta ce to kogin Haɗeja ya fi shi tsari.

Samira ta riga mu isa. Na kusa kasa gane ta: riga mai ruwan ɗorawa a kan doguwar rigarta, usur a wuya, tana tsaye gaban wata rumfa da abokan aikinta maza da mata. Suna da akwatin magani, da igiya, da wasu jajayen robobi masu yawo a kan ruwa da ake jefa wa wanda ya nitse. A gida yarinya ce mai sanyin murya, a nan kuwa sai ba da umarni take. Ta tara mu ta yi mana karatu, rabi Hausa rabi Larabci, Kawu na cike giɓi. Inda aka kafa jar tuta, mamnu'u, ba a shiga. Mai abaya kada ta wuce gwiwa, don in yadi ya sha ruwa nauyi yake yi ya ja mutum. Ga takalman roba, kowa ya sa. Sai ta zo kan na ƙarshe, ta dubi Inna.

"Ya ammati, Gwaggo, in kin shiga, ƙafa ba a ɗagawa. Ja za ki yi. Haka, shwayya shwayya, a hankali." Ta ja ƙafarta cikin yashi tana nuna mata. Ta ce akwai wani kifi mai faɗi kamar faifai da ke binne kansa a yashin ƙarƙashin ruwa, yana da ƙaya mai dafi a wutsiya. In ka ja ƙafa ka zungure shi, guduwa yake. In ka taka bayansa, sai ya harbe ka. Kawu ya ce, "Kunamar ruwa ke nan, Yaya."

Nan na san akwai matsala. Duk wanda ya tashi a hannun Inna ya san babu abin da ta tsana kamar jan ƙafa. Mun sha rankwashi a kansa. A wurinta mai jan ƙafa malalaci ne, marar tarbiyya, mai jawo wa gida tsiya. Ta dubi Samira ta ce, "Sale, 'yarka ce ke koya mini jan ƙafa? Da tsufana?"

"Yaya, dokar wurin ce."

"Na ji," in ji Inna. Ni kuwa na san irin wannan "na ji" ɗin.

Na riƙe hannunta muka shiga. Ruwan ɗumi ne, garai-garai, kana ganin yatsunka. Da farko ta ja ƙafar, tana tsaki. Da ruwa ya kai mata ƙwauri sai ta tsaya ta ce takalmin nan yana hana magani shiga, ta tuɓe ta miƙo mini. Na ce Inna, ta ce Dije. Na ce an hana, ta ce ita ta haife ni ko ni na haife ta. Ina riƙe da takalmi a hannu ɗaya, ita a ɗaya, sai ta fara abin da ya kawo ta: ta ɗaga gwiwar dama sama ta dire, ta ɗaga ta hagu ta dire, wai tana motsa jijiya. Fuskarta har ta saki. Ta ce, "Kin gani? Wallahi har na ji sauƙi." Daga bakin gaɓa na ji usur, na waiga na ga Samira ta taho da gudu tana nuna ƙafa. Kafin in buɗe baki Inna ta sake direwa.

Ban taɓa jin mahaifiyata ta yi irin wannan ƙara ba. Wani abu ya tashi daga yashi ya wuce fuu, ruwan ya yi ja a gefen idon sawunta. Ta tafi za ta faɗi, abayarta ta jiƙe ta yi nauyi, na rungume ta ina ihu. Samira da wata abokiyar aikinta suka iso, suka sa hannu ƙarƙashin hammatarta suka fito da ita kan yashi. Samira ta wanke wurin da ruwan gora, ta ɗora auduga ta danne, ta ce wa ɗayar ta kira is'af, wato motar asibiti.

Sai likitoci suka fito ta ko'ina. Kawu ya kwance igiyar labule zai ɗaure mata ƙwauri kada dafi ya hau. Anti Zainabu ta ce a kawo reza a tsaga a matse. Direba ya ce fetur, a gabansa aka taɓa yi. Wata mata daga dardumar kusa ta miƙo man habbatus sauda, wata ta kawo ƙanƙara. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, man zafi nake lalube a jaka. Inna kuwa tana birgima tana kiran sunan Allah, gumi na zuba, tana cewa wuta ce ke hawa ƙafarta.

Samira ta hura usur a tsakiyarmu, kowa ya yi tsit. Ta fizge igiyar daga hannun ubanta. "La, Baba! Ba ɗauri, ba reza. Moya harra. Ruwan zafi, yanzu!"

Ruwan zafi a kan ciwo? Na ce yarinyar nan ta zauce. Ta ce dafin kifin nan zafi ne ke karya shi, ba abin da zai rage mata azaba sai shi. Aka kawo bokiti daga rumfarsu, aka juye butar shayin Kawu da ke kan wuta, aka surka da ruwan gora. Bai isa ba. Wani daga cikin samarin ƙungiyar ya bi darduma-darduma yana roƙo, sai ga Larabawa suna tahowa da fulas ɗinsu. Wani dattijo don ɗoki ya juye mana gahawa a ciki, wurin ya ɗauki ƙamshi.

Samira ta kama hannuna ta tsoma cikin bokitin. "Abla, Yaya Dije, Gwaggo tana da sukkar, ciwon suga, ƙafarta ba ta jin zafi daidai. Hannunki ya zauna a ciki. In ke ba ki iya ba, ita ma ba ta iya ba, kada mu ƙona ta." Haka na durƙusa, na kama ƙafar Inna na tura cikin ruwan na danne. Ta yi ta fizga. Ta ce in sake ta, ta ce dafa ta za mu yi, ta ce ta yafe maganin, ta kira ni da sunayen da ban ji ba tun ina yarinya. Na ce, "Inna, yau ko me za ki ce ba zan saki ba." Ina kuka ina dannewa, haushi da tsoro sun cika ni, ban san wanda ya fi yawa ba. Ruwa na hucewa ana ƙarawa. Can sai na ji ƙafar ta daina fizga, numfashinta ya sauka. Ta buɗe ido ta dubi Samira ta ce, "'Yar nan, ashe ba kallo kawai kuke yi ba."

A asibiti aka ɗauki hoton ƙafar, aka ga guntun ƙaya ya karye a ciki, aka cire. Aka yi mata allurai, aka naɗe da bandeji. Likitan ya ce an yi daidai da ba a ɗaure ba, ba a tsaga ba. Sannan ya faɗi abin da nake tsoro: da ciwon suga irin nata, in ta taka ƙafar nan kafin ta haɗe, ciwon zai iya ruɓewa, kuma ba ya son faɗin abin da ke biyo baya. Kawu ya fassara mata rabi, ya haɗiye rabi. Ni na faɗa mata duka.

Sauran kwanakinmu a ɗaki ta yi su. Ni ke wanke ciwon safe da yamma, Samira na dubawa in ta dawo aiki. Tsohuwar Chadi ta hau bene ta zo dubiya, ta ce ai ita da takalmi ta shiga. Na fita daga ɗakin don kada in yi abin kunya. Kullum Inna sai ta ce a kwance bandeji ta gani, kullum sai ta ce ya warke, kullum sai in ce bai warke ba. Ran nan na shigo na same ta tsaye ta dafa bango tana gwada taku. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba, har Anti Zainabu ta leƙo. Na ce yayyena ƙafa biyu suka ba ni ita, ƙafa biyu zan mayar musu. Ta koma ta zauna.

Ana gobe za mu tashi, bayan la'asar, muka kai ta dawafin bankwana. Samari biyu suka sauko da ita daga bene a kan kujera. Da aka kawo keken ba ta yi musu ba, da kanta ta gyara zama ta ɗora ƙafar. Na tura ta a hawa na sama, Samira na gefe tana buɗe mana hanya. Inna tana ta addu'a a hankali, tana ambaton 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya, har ni. Da muka gama ta ce in matsa da ita bakin ƙarfen da ake leƙa ƙasa. Daga can ana ganin Ka'aba da jama'a na zagayawa, tsofaffi da yawa a cikinsu, wasu da sanda, wasu an riƙe musu hannu. Ta daɗe tana kallo.

Na ce, "Inna, in Allah ya kai mu wata shekara, sai ki dawo ki taka."

Ta ce, "Dije, daina. Ni da ke mun san ba zan dawo ba."

Na tsaya a bayanta riƙe da keken har aka kira magariba.

Yanzu ƙafar ta haɗe, Alhamdulillahi, sai tabo. Kun dai ga yadda take nuna shi ga duk wanda ya shigo, kifin kuma kullum ƙara girma yake, daga faifai ya koma tabarma. Ku saurara mata, ku yi dariya, tana jin daɗi. Abu ɗaya nake roƙo. Shekaranjiya wata baƙuwa ta ce mata, "To Inna, buri ya cika, an zagaya ɗakin Allah da ƙafa?" Inna ta ja zane ta rufe tabon, ta juya fuska bango ta ce barci take ji, ba ta ci abincin dare ba. Don Allah in kun zo, ku tambaye ta kifi, ku tambaye ta teku. Kada ku tambaye ta dawafi.